Abin da A ke Koya wa Kurtun Ɗan Sanda

Jama'a, yau za mu yi magana a kan kurtu, wato sabon ɗan sanda mai koyon aiki. A Nijeriya akwai makarantun 'yan sanda a Kaduna da Maiduguri da Ikeja. Can a ke koya wa kurtu fareti da riƙon bindiga. Amma babban darasinsa shi ne doka, gama shi ma a ƙarƙashinta ya ke.

To, ga abin da a ke koya masa game da kamu. In ya kama mutum, lalle ya gaya masa dalili. Ba shi da iko ya doke shi don ya amsa laifi. In wanda a ke nema ya gudu, ba a kama ubansa ko matarsa a madadinsa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana. Rikicin bashi kuwa maganar alƙali ce, ba ta kamu ba.

Wanda aka kama, a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya, in kotu ba ta wuce kilomita 40 ba. In ta fi haka nisa, kwana biyu. Haka tsarin mulki na 1999 ya ce, ban da laifi mai hukuncin kisa. Beli a caji ofis kuma ba a biyan ko kwabo.

Mu ma talakawa ya kamata mu san wannan. In an rubuta jawabinmu, kada mu dangwala yatsa sai mun karanta, ko an karanta mana. In kuwa aka neme mu shaida, mu faɗi gaskiya.