Tiyatar Sassauta Jijiyar Baya da Wuya: Wa Take Wa Amfani?

 

Duk mai fama da ciwon baya, in aka ambaci tiyata, tambayarsa ɗaya ce: "Likita, in an yi aikin, bayan zai daina ciwo?" Amsar ba ta da daɗin ji. Wannan aiki ƙafa da hannu ya fi yi wa magani. Ciwon da ya tsaya a gadon baya ko a wuya, bai sauka ko'ina ba, sau da yawa wuƙa ba ta raba mutum da shi.

Ga dalili. Ƙasusuwa 7 ne a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, kuma tsakaninsu akwai faifai mai taushi. Laka tana bi ta rami a tsakiyarsu, jijiyoyi kuma suna fita ta ƙananan kafofi zuwa hannu da ƙafa. Idan faifai ya fashe ya bulluƙo, ko tsufa ya sa ƙashi ya yi kauri ramin ya tsuke, sai jijiya ta matsu. Kamar tiyon ruwa ne da aka taka: takun yana nan, amma can a bakin tiyon ruwa ke yankewa. Shi ya sa za ku ji mutum yana cewa wani abu na tsarga masa daga ƙugu har babban yatsa, ko tafin ƙafarsa ya yi dundum. Aikin likita shi ne ya ɗauke abin da ya danne jijiyar, ko ya cire ɓallin faifan, ko ya sassaƙe rufin ƙashin ta baya don ramin ya buɗe.

A 1934 ne likitoci biyu a birnin Boston na Amurka, Mixter da Barr, suka nuna cewa fashewar faifai ce ke jawo irin wannan ciwon ƙafa. Kafin nan ana yawan ɗaukar abin da aka ciro a matsayin ƙari. A 1977 Yasargil da Caspar, kowa a nasa wurin, suka shigo da madubin ƙara girma cikin aikin, yankan ya zama ɗan ƙarami. A wuya kuwa, tun shekarun 1950 aka fara shiga ta gaba, a ture maƙogwaro gefe, a cire faifan, a haɗe ƙasusuwan biyu. Don haka kada ku firgita in kun ga wanda aka yi wa aikin wuya muryarsa ta dushe, ko haɗiya tana ba shi wuya na ɗan lokaci.

Inda nake so mu daɗe shi ne maganar hoto. Yanzu mutum zai shigo riƙe da babban ambulan na MRI, ya riga ya yanke wa kansa hukunci. A 1994 an ɗauki hoton mutum 98 a Amurka waɗanda bayansu lafiya lau, sai aka tarar fiye da rabinsu suna da faifan da ya kumbura. Ashe kumburin da ke hoto ba lallai shi ke ciwon ba. A Holan kuma, a 2007, an raba masu ciwon jijiyar ƙafa 283 gida biyu, wasu aka yi musu aiki da wuri, wasu aka bi su da magani da jira. Waɗanda aka yi wa aiki sun riga samun sauƙi, amma bayan shekara guda kusan 95 cikin 100 na kowane gida sun ce sun warke. A ganina, wanda ƙafarsa ke da ƙarfi, ya ba magani da gashi makonni 6 zuwa 12 kafin ya hau gadon tiyata. Aikin ma ba ya rasa haɗari: rigar laka na iya yagewa, wurin na iya ruruwa, faifan na iya sake fitowa.

Sai dai akwai inda jira ganganci ne. Fitsari ya riƙe ko yana zuba ba a sani ba, tsakanin cinyoyi ya mutu, ƙafa tana jan ƙasa silifa na suɓucewa: wannan a nufi asibiti a ranar, ba wurin wanzami a yi ƙaho ba. Haka dattijon da ya fara kasa ɓalla maɓallin rigarsa, cokali na faɗuwa daga hannunsa, tafiyarsa ta koma tangaɗi. 'Yan uwa kan ce tsufa ne, alhali lakar wuyansa ce ta matsu. A nan burin aiki shi ne a tsayar da ɓarnar, abin da ya riga ya lalace kuwa ba lallai ya dawo duka ba.

A ƙasarmu akwai wani abin da likita ba ya mantawa, wato tarin fuka na ƙashin baya, wanda asibitoci irin na ƙashi da ke Dala a Kano suka daɗe suna gani. Alamominsa su ne ciwon baya da zazzaɓin dare da rama, wani lokaci har doro ya fara fitowa. Wannan maganin tarin fuka ake fara ba shi na watanni da dama, sai ƙafafu sun raunana ko ƙashin ya rushe ake haɗawa da tiyata.