Motsa Ƙwaƙwalwar Dattawa Masu Ciwon Sauyin Yanayi

Ciwon sauyin yanayi mai fuska biyu, wanda likitoci ke kira baifola, yakan ɗaga mai shi sama, ya hana shi barci, ya cika shi da surutu da kashe kuɗi ba lissafi, sannan ya jefa shi cikin baƙin ciki mai nauyi har ya kasa tashi daga shimfiɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum kusan miliyan 40 ke ɗauke da shi. Lokacin da likitan Jamus Emil Kraepelin ya ware shi daga sauran nau'o'in taɓin hankali a 1899, ya ɗauka mai ciwon yana komawa garau da zarar ya lafa. Daga baya bincike ya nuna ba kowa ba ne. Da yawa sukan rage da raunin mai da hankali, da saurin mantuwa, da wahalar tsara aiki daki-daki, ko da yanayinsu ya daidaita. Idan tsufa ya hau kan wannan, abin yakan fito fili, masana kuwa suna soma lissafa mai wannan ciwo cikin dattawa tun daga shekara 50.

A gida ake fara ganin alamar. Dattijon da ya shekara talatin yana lissafin buhunan hatsi da ka, yanzu sai ya tsaya yana juya canjin da yaro ya kawo masa. Dattijuwa ta ɗora tukunya, ta shiga ɗaki ɗauko gishiri, ta fito da tsintsiya. Iyali sukan ce tsufa ne, su karɓe masa komai don tausayi, kuma wannan tausayin ne ke ƙara dushe abin da ya rage.

Kafin a yi maganar motsa ƙwaƙwalwa, wajibi ne a duba magani. Litiyam, wanda John Cade ya gano amfaninsa ga wannan ciwo a Ostareliya a 1949, ta ƙoda yake fita, ƙodar tsoho kuwa ta rage ƙarfi. Ƙarancin ruwa a jiki lokacin bazara, da magungunan ciwon gaɓɓai irin su ibuprofen da diclofenac da ake saye a kemis ba takarda, da wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari, duk suna iya tara shi a jini. Sai a ga rawar hannu, tangaɗi, gudawa da ruɗewa. Wannan na gaggawa ne, asibiti ake kai shi. Haka nan litiyam na iya rage aikin tayirod, magungunan barci irin su diazepam kuma suna dakushe tunani. Don haka gwajin jini ne matakin farko, batun azumi ma da likita ake shawarta shi.

A batun motsa ƙwaƙwalwa kuwa, hanyoyi biyu ne suka fi tushe. Ta farko Aimee Spector da abokan aikinta a Landan suka gwada ta a 2003, domin masu ciwon mantuwa: zama 14, sau biyu a mako, kowanne minti 45, cikin ƙaramin rukuni, ana hira kan abinci, kuɗi, ƙuruciya da labaran yau, ana neman ra'ayin mutum maimakon yi masa jarrabawa. An daidaita tsarin da rayuwar karkara a Tanzaniya da Najeriya. Ta biyu a Basalona aka tsara ta domin masu baifola kansu, aka wallafa sakamakonta a 2013: zama 21, sau ɗaya a mako, ana koyar da dabarun tuna abu, tsara lokaci da sarrafa kuɗi. A tafiyar da rayuwar yau da kullum ribarta ta fito, kuma ita ce ribar da dattijo ya fi bukata.

Kayan wannan aiki suna nan a ƙasar Hausa. Dara tana sa mutum hangen wasa biyu ko uku gaba. Tilawa da bitar hadda suna riƙe tunani. Ba jikoki tatsuniya da kacici-kacici, ko jin labaran rediyo a maimaita su a majalisa, ko a bar wa dattijuwa lissafin cefane ta rubuta ko ta ƙidaya da kanta, duk motsa ƙwaƙwalwa ne, kuma ba wanda ke zubar da girma.

Bambancin wannan ciwo da ciwon mantuwa shi ne awo. Ƙwaƙwalwar mai baifola tana iya motsuwa fiye da kima. Hirar dare, hayaniyar biki, shayi mai kauri bayan isha'i, kowanne na iya cinye barci, rashin barci kuwa shi ne babbar ƙofar tashin ciwon. Ellen Frank ta jami'ar Pittsburgh ta gina hanyar jinya sukutum a kan daidaita lokacin barci, tashi, cin abinci da haɗuwa da mutane. Salloli biyar sun riga sun yanka wa yini iyakoki, sai a ɗora aikin a kansu: dara da hantsi, tilawa bayan la'asar, a bar dare ga hutu. In barci ya ragu kwana biyu a jere, magana ta yawaita, a dakatar da zaman a sanar da likita. In kuwa baƙin ciki ne ya sauko, a rage zaman zuwa minti goma, a zaɓi abin da dattijon ya riga ya iya, a zauna kusa da shi har ya gama.