Wa zai riƙe takardar izini? Lacca kan dokar wiwi ta Maroko



Duk lokacin da aka ambaci halatta tabar wiwi a wurin hira, nan da nan mutane sukan rabu gida biyu. Wasu su ce duniya ta zo ƙarshe, tunda gwamnatoci sun soma sa hannu a kan abin da ke haukata samari. Wasu su ce ai Turawa sun riga sun buɗe ƙofa, saura Afirka ta bi sahu ta kwashi rabonta. Kowane gida yana ɗauka kalmar halattawa fuska ɗaya gare ta, alhali kowace ƙasa da irin tata. Kanada, cikin shekara ta 2018, ta bai wa baligi damar ya shiga kanti ya saya ya sha. Jamus, cikin 2024, ta yarda mutum ya riƙe giram 25 a aljihu, ya shuka gindi uku a gida, amma ba ta buɗe kantuna ba. Maroko kuwa ta bi wata hanya dabam, kuma a kanta ya kamata a tsaya yau, domin ƙasar Musulmi ce, ƙasar Afirka ce, kuma hajarta tana ratsa hamadar Nijar.

A arewacin Maroko akwai duwatsun da ake kira Rif. Ƙasa ce mai tudu da gangare, gonakinta ƙanana, hatsi ba ya ciyar da gida daga shekara zuwa shekara. Mutanen wurin sun gaji noman wiwi, wanda suke kira kif, tun kaka da kakanni. A zamanin mulkin mallaka ma wani kamfani ne da hukuma ta ɗaure wa gindi yake da ikon sayar da taba da kif shi kaɗai, har zuwa 1954 da aka haramta shi a yankin da Faransa ke riƙe da shi. Bayan samun ƴancin kai a 1956 hanin ya game ƙasar duka a takarda, amma a duwatsu aka kau da kai. Da kasuwar Turai ta buɗe baki, manoma suka koyi tace ganyen su cure ƙaronsa, wato hashish, wanda ya fi sauƙin ɗauka kuma ya fi tsada. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2003 ya iske hekta 134,000 ana noma wiwi a cikinsu. Zuwa 2019 hukumomin ƙasar sun ce fili ya ragu zuwa wajen hekta 55,000, amma iyalai kimanin 60,000 da shi suke ci da sha.

To, me hanin ya haifar a tsawon waɗannan shekaru? Ya haifar da manomin da ke noma a fili, kowa na gani, amma a gaban doka mai laifi ne. Dubban mutane suka zauna da takardar kamu a kansu. Irin wannan mutum yana tsoron sauka birni ya sake katin ɗan ƙasa, yana tsoron shingen jandarma, kuma duk maƙwabcin da ya yi faɗa da shi a kan iyakar gona yana da makamin da zai kai shi ƙara. Ga shi kuma ba shi ke cin ribar ba. Ma'aikatar cikin gida ta Maroko da kanta ta ƙiyasta cewa manomi bai samun fiye da kashi 4 cikin 100 na kuɗin da hajar ke kawowa a ƙarshen tafiyarta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ranar 2 ga Disamba 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi ta kaɗa ƙuri'a a birnin Viyana, ƙasashe 27 suka rinjayi 25, aka cire wiwi daga jerin abubuwa mafi haɗari na yarjejeniyar 1961, aka amince yana da amfani a fannin magani. Maroko ta ce i, Nijeriya ta ce a'a. Watanni kaɗan bayan haka, cikin 2021, majalisar dokokin Maroko ta zartar da doka mai lamba 13-21. A nan akwai abin lura ga masu son siyasa. Firaministan lokacin, Saadeddine El Othmani, ɗan jam'iyyar PJD ce mai ra'ayin Musulunci, gwamnatinsa ce ta kai dokar, amma depitocin jam'iyyarsa suka ƙi ta a zauren majalisa, tsohon firaminista Abdelilah Benkirane kuma ya jingine zamansa ɗan jam'iyya don fushi. Dokar ta wuce da ƙuri'un sauran jam'iyyu.

Abin da dokar ta halatta shi ne noma don magani, kayan shafe-shafe da masana'antu. Shan wiwi don maye yana nan haramun a Maroko. Kuma noman ma an kewaye shi da shinge mai tsawo. Larduna uku kaɗai aka yarda: Al Hoceima, Chefchaouen da Taounate. Dole manomi ya zama ɗan wurin, ya shiga koperatif, ya shuka irin da hukumar ANRAC ta tantance, kuma koperatif ɗin ta miƙa amfanin gonar gaba ɗaya ga kamfanin da ke riƙe da takardar izini, bisa kwangilar da aka ƙulla tun kafin girbi.

Dattawan Maraɗi da Damagaram da suka ga zamanin gyaɗa ba sa bukatar dogon bayani a kan irin wannan tsari. Sun san SONARA, wadda aka kafa a 1962 aka ba ta ikon fitar da gyaɗa ita kaɗai. Sun san cewa manomi na kai buhunsa gaban sikeli, amma wanda ke riƙe da izinin saye shi ne ke gina soro. Sun kuma san inda buhu ke nufa da dare in farashin ƙetaren iyaka ya fi na gida. Wiwi ba gyaɗa ba ne, sai dai halin ciniki ɗaya ne: manomi yana bin wanda ya biya da kyau, ya biya kuma a kan lokaci.

Alƙaluman farko sun nuna haka. Girbin halal na fari, cikin 2023, tan 294 ne, daga manoma 430 da suka noma hekta 277. A auna wannan da dubban hektocin da ke ciyar da ƴan fasa-ƙwauri. Daga baya yawan masu izini ya haura zuwa dubbai, wannan gaskiya ce, kuma cikin Agusta 2024 Sarki Mohammed na Shida ya yi afuwa ga mutum fiye da 4,800 da aka ɗaure ko ake nema saboda noman wiwi. Wannan afuwa ita ce mafi girman ribar da talakan Rif ya gani a ido, domin ta mayar masa da ƴancin tafiya kasuwa ba tare da waige ba. Amma ta fuskar kuɗi, wasu manoman koperatif sun yi kukan jinkirin biya daga kamfanoni, alhali dillalin ɓoye yana zuwa har ƙofar gida da kuɗi a hannu, ba ya tambayar takarda, ba ya auna ƙarfin ganye a ɗakin bincike. Kasuwar magani ta Turai kuma tana da sharuɗɗa masu tsanani, ga manyan kamfanonin Kanada da wasu ƙasashe sun riga sun shimfiɗa tabarma a cikinta.

Masu adawa da halattawa suna da hujjar da ba a raina ta. Likitoci sun tabbatar cewa yawan shan wiwi mai ƙarfi, musamman ga wanda ya soma tun yana yaro, yana ƙara haɗarin taɓin hankali. Malamai kuma ba su yi saɓani ba a kan haramcin abin maye. Sai dai dokar Maroko ba ta taɓa wannan gefe ba ko kaɗan. Wanda ke son ya soke ta, wurin suka yana wani waje: ta yi wa ƙaramin manomi alkawarin fita daga hannun dillali, kuma har yanzu mafi yawan gonakin Rif suna wajen shingenta.

Saura batun Nijar. Dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi da aka sa wa hannu ranar 23 ga Satumba 1999 ta haramta noma da fatauci da sha. Amma Nijar a wannan ciniki hanya ce. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya masu bin lamarin Mali sun bayyana yadda hashish ɗin Maroko ke bi ta Muritaniya da arewacin Mali, ya shigo Nijar, ya nufi Libiya, da rakiyar masu bindiga da ake biya kuɗin hanya. Cikin Yuni 2018 an kama fiye da tan biyu a Yamai. Mai saurare zai iya cewa: to, in Maroko ta shigar da manomanta duka cikin tsari, ai hanyar ta mutu. Ya kamata ya tuna da kamun Maris 2021, lokacin da hukumar OCRTIS ta bankaɗo tan 17 a wata mangaza a Yamai, hajar da aka yi wa kuɗi wajen miliyar 20 na sefa. Wannan kaya daga Labanon ya taso, ya sauka tashar jirgin ruwa ta Lome, aka hauro da shi a mota ta ƙetare iyakoki da shingayen duwan har babban birni. Kowane ɗan kasuwa da ya taɓa ɗauko kaya daga Lome ya san tasha nawa ake tsayawa a wannan hanya, ya san kuma takardu nawa ake dubawa kafin a ɗaga sanda.