Lambun Bayan Gida: Jawabi Ga Hakimai Da Magatakardansu



Kowa ya san ƙasar Malumfashi da Funtuwa ƙasar noma ce. Audugarta ta yi suna tun zamanin Turawa, kuma tun da aka kafa shirin raya aikin gona na Funtuwa a 1975, da taimakon Bankin Duniya, masara ta yawaita har ta yi kafaɗa da dawa. Amma cikar rumbu ba ita ce cikar abinci ba. Tuwo sai da miya, miyar kuwa ita ce takan gagari talaka idan bazara ta yi tsanani, ganye ya ɓace a kasuwa.

Wannan rashi ba ƙaramin abu ba ne. Likitoci sun tabbatar cewa ganye irin su zogale da alayyafo, da kabewa da karas, suna ɗauke da abin da ke kiyaye ido. Yaron da ya daɗe bai samu ba, dundumi yakan kama shi, kyanda kuma ta fi yi masa illa. Ga kuma tsada. A 2016 wata tsutsa ta cinye tumatir a Katsina da Kano da Kaduna, har ya fi ƙarfin mai ƙaramin hali. Gidan da ke da yakuwa da kuɓewa a bayan ɗaki bai kwana da gayan tuwo ba.

Aikin ba shi da wuya. A zaɓi wurin da rana ke samu, kusa da rijiya, a kewaye shi da dangar kara, domin akuya ɗaya ta isa ta rushe wahalar wata biyu. A yi fangali mai faɗin taku ɗaya, yadda hannu zai kai tsakiya ba a taka shuka ba. A zuba takin shanu ko kashin kaji wanda ya ruɓe sarai, gama ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi. Bayan gidan mutum kuwa kada ya kusanci lambu ko kaɗan.

Kowace shuka da lokacinta. Da damina a sa kuɓewa da rama da yakuwa da lalo da kabewa. Da hunturu, watau daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a sa tumatir da albasa da kabeji da latas da karas. Tumatir akan yayyafa irinsa tukuna, ya yi kamar mako huɗu, sa'an nan a dasa shi da la'asar. Alayyafo wata guda ya isa a fara tsinka. Zogale kuwa reshe kawai za a kafa a jikin danga. A yi ban ruwa safe da yamma, amma kada a bari ya kwanta, don kada sauro ya samu gida. Ganyen da ya yi saura a shanya shi a inuwa, a adana don bazara.

Saura abin da ya rataya a wuyan shugabanni. Talaka ya fi gaskata idonsa bisa ga kunnensa. Idan hakimi ya kafa lambu a gidansa, dagatai za su bi, masu unguwa kuma su bi dagatai. Ya kamata magatakarda ya rubuta unguwannin da ke da rijiyar da ba ta ƙafewa, ya sanar da malamin gona. A kuma ja hankalin masu gida su yanka wa mata ɗan fili a cikin gida, tun da yake tukunya a hannunsu take.

Da tsohuwar zuma ake magani: kakanni ba su raba bayan ɗaki da kabewa ba. Allah ya ba da damina mai albarka, amin.