Shugabar Ƙungiya da Matanta: Jawabi a Taron Ƙungiyoyin Adashi a Birnin Zariya

Na san wasunku sun baro tukunya a kan wuta, wasu sun sha hanya daga ƙauye kafin su shigo ta Ƙofar Gayan ko Ƙofar Doka. Allah ya saka da alheri. Yau a kan shugabanci za mu yi magana, kuma da kuskurena zan fara.

Shekarar da na fara wannan aiki, akwai wata baiwar Allah a ƙungiyar da nake bi a nan cikin ganuwa, mai ɗinkin hula. Ta ci bashi, wata biyu ba ta biya ba, ta kuma daina zuwa taro. Ni kuwa da ɗanyen kai, na buɗe littafi na karanta sunanta a gaban kowa, na ce a ci ta tara. Shugabar ƙungiyar, dattijuwa ce da ba ta iya karatun boko ba, ba ta tanka mini ba. Bayan Magariba sai ta yafa mayafinta ta tafi gidan matar. Ashe mijinta ne kwance, kuɗin zare duk sun tafi a magani, kunya ce ta hana ta fitowa. A taro na gaba, da izininta, shugabar ta faɗa wa mata halin da ake ciki. Aka ba ta gudummawa daga asusun taimako, aka tsara mata biya kaɗan-kaɗan. Kafin ranar rabo ta biya tas. Da an bi tawa, da mun rasa kuɗin, mun rasa matar. Ranar na gane abin da ake nufi da zumunta a ƙafa take.

Wannan tsari na akwati da muke bi, ba daga nesa ya zo ba. A yankin Maraɗi ta Nijar aka fara shi a 1991, ƙungiyar CARE ce ta kawo shi, sunansa Mata Masu Dubara. Babu banki, babu jingina. Me ke sa mace ta zuba kuɗinta duk mako, ta koma gida ta yi barci? Yarda ce. Ta san matan da take zaune da su, su ma sun san ta. Aikin shugaba shi ne tsaron wannan yardar.

Kakanninmu ma haka suka yi. Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo, da ta so ilimi ya kai ga matan karkara, sai ta zaɓi dattijan mata waɗanda mutanen garinsu suka amince da su, ana ce musu jaji, su suke jagorantar 'yan taru. Jaji ta san gidan kowace mace a cikin tawagarta, shi ya sa ake jin maganarta.

To, ya shugaba za ta yi? Ta san sana'ar kowace mace, mai ƙuli-ƙuli ce ko mai daddawa, da lokacin da kasuwarta ke ja baya. In mace ta yi fashin taro sau biyu, a taka a je a gaishe ta kafin a yi zancen tara. In za a yi wa mace gyara, a ja ta gefe, yabo kuwa a yi shi a gaban jama'a. Sannan shugaba ta bar wasu su yi magana, har da amaryar nan da ke zama a bakin ƙofa ba ta cewa komai.

Amma ku ji ni da kyau, iyayena. Zumunta daban, son kai daban. In shugaba ta sa ƙanwarta a gaba wajen bashi, ko ta yafe wa ƙawarta tara ta ci wa wata, ƙungiya ta fara tsagewa, kuma kun san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi ya sa akwatinmu ke da kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku, ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Masu ƙirga su ƙirga da ƙarfi, magatakarda ta rubuta. Dokar da muka ce bashi kada ya wuce ninki uku na abin da mace ta tara, ta hau kan 'yar shugaba kamar yadda ta hau kan kowa. Wannan dokar ita ke kare shugaba daga zargi, har ta iya shiga gidan kowa fuskarta a sake.

A gida ma haka abin yake. Uwargidan da ke raba abinci daidai tsakanin 'ya'yanta da na abokiyar zamanta, wadda ke leƙa ɗakin facalarta in ba ta ji motsinta ba, ita ake kira in rigima ta tashi, ko da ba ita ce babba ba.

Ga aikin da zan ba ku kafin taro mai zuwa. Kowace shugaba ta tuna mace ɗaya a ƙungiyarta da ba ta taɓa shiga gidanta ba, ta je ta gaishe ta, kada ta ɗauki littafi. In mun haɗu, ku ba mu labari.

Allah ya sa albarka a cikin abin da muke tarawa, ya bar zumunci.