Ranar Biki Ita Ce Kasuwar Mai Allura



Ba mu manta da shekarar 2020 ba, lokacin da annobar korona ta sa aka soke bikin Ojude Oba na Ijebu-Ode, wanda ake yi a rana ta uku ta Babbar Sallah. Haka aka sake yi a 2021, sai a 2022 ya dawo. Can gida Kano ma an fasa hawan Sallah a 2020.

To, ɗan kallo dai kallo kawai ya rasa. Amma mu 'yan kasuwa mun ga inda abin ya fi ciwo. Masaƙan aso-oke, teloli, masu aikin babbar riga da masu ɗinkin hula, duk ranar biki suke jira. Rigar da aka yi watanni ana yi mata aiki da allura ta kwanta a akwati, babu mai tayawa, ga kuɗin zare na bashi.

Saboda haka, jama'a, kada mu yi wasa da asusun ƙungiya. Kowa ya riƙa zuba nasa tun ana ciniki, don mai sana'a ya sami madogara ranar da kasuwa ta tsaya.

Allah Ya kiyaye na gaba. Wassalam.