Ƙaramin Ɗan Kasuwa A Gaban Doka



Batun da aka ɗora mana yau shi ne yadda mai kafa ƙaramar sana'a zai yi da doka a farkon tafiyarsa. Kowa ya sani ba dukkanmu ne za mu sami kujera a ofis ba bayan mun gama yi wa ƙasa hidima. Da yawa daga cikinmu shago za su buɗe, ko ɗakin ɗinki, ko gidan kaji, sau da yawa kuwa da jarin da aka tattaro daga iyaye da abokai. Al'adar yawancin masu farawa ita ce su ajiye maganar takarda sai ciniki ya kankama. Mu kuwa a ganinmu, Hausawa sun riga sun yanke hukunci da suka ce tun ran gini ran zane.

Kasuwancin kakanninmu bisa amana aka gina shi. Fatake sun kai kaya Gwanja sun komo da goro, ba lauya ba tambari, kuma har yau a Kantin Kwari ana ba da kaya masu yawa a kan kalmar baki. Ba mu raina wannan gado ba. Amma mu tuna cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, watau ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ashe ke nan wanda ya ce da abokinsa su rubuta bai zarge shi ba, umarni ya bi.

To, me dokar ƙasa ta tanada? Hukumar rajistar kamfanoni, watau CAC, an kafa ta ne a 1990, kuma dokar da take aiki da ita yanzu ita ce wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agusta na 2020. Hanya mafi sauƙi ita ce rajistar sunan kasuwanci. Wanda yake ciniki da wani suna dabam da nasa na gaskiya, wajibi ne ya yi rajistarsa cikin kwana 28 da fara aiki. Sai dai a lura, wannan rajista ba ta raba mutum da sana'arsa. Idan bashi ya ci shagon, masu bin bashi suna iya bin gidansa da gonarsa.

Hanya ta biyu ita ce kafa kamfani, kuma a nan ne hikimar take. A 1892 wani mai sana'ar takalma a birnin Landan, Aron Salomon, ya mayar da sana'arsa kamfani, ya riƙe kusan dukkan hannayen jarin, ya ba matarsa da 'ya'yansa biyar hannu ɗaya ɗaya. Da kamfanin ya durƙushe, aka nemi a ɗora masa bashin a kansa. A ƙarshen 1896 kotun ƙoli ta Ingila ta yanke cewa kamfani mutum ne mai zaman kansa a idon doka, bashinsa nasa ne, ba na mai shi ba. A kan wannan tushe dokar kamfanoninmu take tsaye. Dokar 2020 kuwa ta sassauta hanya ƙwarai: mutum ɗaya tilo yana iya kafa ƙaramin kamfani, mafi ƙarancin hannun jarin da za a fitar naira 100,000 ne, ba a tilasta wa ƙaramin kamfani ɗaukar sakatare ba, kuma ana cika takardun ta intanet. Amma kariyar tana da iyaka. Wanda ya sa hannu a banki cewa shi ne zai tsaya wa bashin kamfaninsa, ya buɗe ƙofar da doka ta rufe masa, haka kuma wanda ya fake da kamfani ya yi zamba.

Inda ƙafa ta fi zamewa shi ne haɗin guiwa tsakanin abokai ko 'yan'uwa. Wannan ya kawo kuɗi, wancan ya kawo ƙarfinsa da saninsa, aka yi addu'a aka watse, ba a rubuta komai ba. A ƙa'idar dokar tarayya ta 1890 da muka gada daga Ingila, idan babu yarjejeniya, riba daidai ake raba ta ko da jarin bai zo ɗaya ba, bashin da ɗaya ya ciwo da sunan sana'ar yana kan kowa, mutuwar ɗaya kuma tana rushe tarayyar. Ku duba halin da marayu za su shiga ran rabon gado, sa'ad da ba wanda ya san iyakar dukiyar mamaci da ta abokinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shafi biyu sun isa a toshe wannan tsaga: nawa kowa ya zuba, yaya za a raba riba da hasara, wa zai sa hannu a banki, me za a yi idan ɗaya ya so fita ko ya rasu. Kuɗin da lauya zai karɓa ya duba wannan takarda bai kai na zama ɗaya a kotu ba.

Bayan rajista akwai sauran wajibai. Kowace shekara sai an kai wa hukumar rahoton cewa sana'ar tana raye. Dokar kuɗi ta 2019 ta yafe harajin kamfanoni ga wanda cinikinsa bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba, sababbin dokokin haraji na 2025 kuma sun ɗaga wannan iyaka, amma yafewa ba ta ɗauke wa mutum ajiye lissafi da gabatar da shi ba. Mai ƙulla abinci ko ruwan sha a leda don sayarwa yana bukatar lambar NAFDAC. Rajistar suna kuma ba ita ce rajistar alamar kaya ba, wannan ofishinta dabam ne, a ma'aikatar ciniki ta tarayya.

Ga 'yan'uwanmu ma'aikatan gwamnati akwai jan kunne na musamman. Jadawali na biyar na tsarin mulkin 1999 ya hana cikakken ma'aikaci shiga gudanar da kasuwanci mai zaman kansa, in ban da noma. Wanda ya yi biris da wannan, aikinsa da sunansa ya sa a caca.

Daga ƙarshe, muna kira ga ƙungiyarmu ta roƙi 'yan'uwanmu masu karatun shari'a da malamansu su keɓe rana guda kowane zango, su zauna da masu niyyar sana'a su fayyace musu waɗannan abubuwa da Hausa. Yawancin iyayenmu da ke kasuwa ba su sami damar karanta waɗannan dokoki ba. Mu da aka kashe wa kuɗi muka koyi karatu, haƙƙinsu ne a kanmu mu karanta mu kai musu.

Allah ya sa albarka a cikin neman kowa.